Mayyar Da Ke Ƙarƙashin Kai

Da maijego ta fito daga wankan yamma, sai ta ji ɗakin ya yi wani shiru wanda ba na barci ba. Uwar mijinta ta kifa jaririn rub-da-ciki kan matashi mai laushi, wai don ƙeyarsa ta yi kyau. Ta lulluɓe shi da bargo har ka saboda bakin mutane, ga wuƙa a gefe tana gadi kada mayu su matso.

Maijego ta fizgo ɗanta. Leɓɓansa sun yi baƙi. Sai da ta murza bayansa kafin ya ja numfashi ya tsala ihu.

"Ba na faɗa ba?" in ji tsohuwa, tana salati. "Maƙwabciyar nan ce! Tun ranar suna take kallonsa tana haɗiyar yawu. Bari in ƙaro bargo."

"Zauna, Inna. Yau na ga mayyar da idona."

Ta kwantar da yaron rigingine a tabarma, fuska a buɗe. Sannan ta ɗauki wuƙar, ta fita tsakar gida da matashin, ta farke shi.

Har rana ta faɗi tsohuwa na duƙe tana tsince audugar rimi daga geron da ta shanya.