Ranar da Inna Tabawa Ta Amsa Gajiya

Tun da aka kafa dokar awarwaron ƙarfi, mai auna gajiyar jiki, duk wanda nasa ya yi ja, ƙofar zauren biki ba ta buɗe masa. Ga shi yau da la'asar ake kamun jikar Inna Tabawa, Innar ce mai guɗa, nata kuwa ja wur kamar garwashi.

Ƙanwarta Kande ta same ta tana tuƙa tuwo, ko karyawa ba ta yi ba.

"Yaya, ina gajiya?"

"Ba gajiya!"

"Ji ƙarya! Hannunki ya tona ki. Yaushe rabonki da barcin kirki? Shayi kawai kike ɗurawa."

"Shekara sittin ban taɓa amsa gajiya ba, sai yau?"

"To, wata ta yi wa jikarki guɗar."

Inna Tabawa ta dubi muciya, ta dubi hannunta. A hankali ta ce, "Akwai gajiya, Kande. Wallahi akwai."

Tsakar gida ta kaure da shewar mata. Wannan ta ƙwace muciya, waccan ta kawo kwaɗon zogale da hanta, aka ba ta ruwa, aka shimfiɗe ta a inuwa har ta yi minshari.

Da la'asar awarwaron ya koma kore shar. Mai gadin ƙofa bai gaishe ta ba, hannunta kawai ya duba. An daina gaisuwa yanzu.

Ta shiga, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗar da ta girgiza fitilu. Kande ta ƙwala mata kira, "Yaya, ina gajiya?"

"Tana nan tafe! Gobe ki zo da zogalenki!"