Furen Hawa na Uku

Jirgin ƙasan ya sha kwana a kan gadar ƙarfe, daidai tagogin hawa na uku na gine-ginen gefen hanya. Shekara tara Renata tana nuna wa masu yawon ganin gine-ginen Chicago tsohon otal ɗin nan mai furannin yumɓu, waɗanda sai daga jirgi ake ganinsu. Yau ta ɗaga hannu za ta nuna, sai ta ga fili da ɓaraguzai.

Saurayinta Curtis, injiniyan kamfanin da ya sayi otal ɗin, yana zaune a cikin jirgin da ƙunshi a cinyarsa. Ta bar baƙinta ta nufo shi.

"Ka ce min sai bazara za ku rushe."

"Sun matso da ranar. Na rasa bakin gaya miki." Ya kwance ƙunshin. Ɗaya daga furannin otal ɗin ne, da zobe ɗaure a jikinsa. "Da hannuna na ciro miki, Rena. Ki aure ni."

Ta daɗe tana kallon furen. Ko kallon zoben ba ta yi ba.

"Guda arba'in ne, Curtis, kuma duk mai tikiti yana ganinsu. Gobe me zan ce wa mutane? Su biyo ni gida?"

Jirgin ya tsaya a tasha, ƙofa ta buɗe. Ta fita, baƙinta suka bi ta.