Manomin da Ya San Wuƙar Kowa

Ka ce wace irin wuƙa ce ta fi dacewa mutum ya riƙa yawo da ita? To, gyara zama ka ji abin da ya sami wani manomi.

Shi wannan manomi Allah Ya jarabce shi da son wuƙa. Ba mafaɗaci ba ne, shi dai a bar shi da kallo da tambaya. Ran kasuwa jama'a na rumfar hatsi, shi yana tsugune a maƙera yana tambayar dalilin da ya sa aka ƙera wannan da ƙarfen tsohuwar mota, waccan kuma da tsohon zarto. Ya karɓi barhon mahauci ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya tsayar da Buzu ya roƙe shi ya zare ta damtsensa don ya ga yadda take kwanciya a kube. Har ta mai rake bai ƙyale ba, balle 'yar mai naɗewar nan ta kanti da samari ke jefawa a aljihu. Kuma kowace sai ya samo mata aibu. Barho ya cika nauyi, ta Buzu ba ta feren rogo, mai naɗewa kuwa wata rana da yatsan mai ita za ta naɗe. Wai jira yake sai ya gamu da wadda ba ta da makusa sannan ya saya. Kai ka ji mutum!

Alhali kuwa yana da tasa. Wata guntuwa ce da ya gada wurin mahaifinsa, washi ya cinye ta har ba ta kai taƙi ba, ƙotar ta tsage an ɗaure ta da igiyar fata. Kunyar fitowa da ita yake ji, shi da ya san wuƙar kowa, sai ya bar wa matarsa tana yankan kuɓewa. In tafiya ta kama ba ya damuwa, don yana da maƙwabci da kullum wuƙa ke ƙugunsa. Za a yanke igiya ne ko za a fere rake, sai ya miƙa hannu ya ce, “Ara mini naka ƙarfen.”

Yana da sa ɗaya a turke, shekara guda yana hana kansa yana ba shi dusa da harawa, don da shi yake so ya rufa wa iyalinsa ɗakin da damina ta rushe. Bayan an girbe dawa suka shirya da maƙwabcin za su kai shi kasuwa. Da safe maƙwabcin ya ce ya yi gaba, zai ɗaura wa jakinsa kaya ya cim masa. Manomi na cikin tafiya da sa, nesa da gari, sai ga wani baƙo a kan keke, da wata wuƙa mai ƙotar ƙaho rataye a kafaɗa. Ina manomi zai iya bari ta wuce? Ya yi sallama, ya karɓa, ya juya ta nan ya juya ta can. A ina aka ƙera? Ƙahon me ne wannan? Ya saki igiyar sa don ya gwada kaifin a farcensa, shi kuwa sa ya faɗa gonar da ke gefe ya kama cin gyauron dawa, wanda kowane mai kiwo ya san guba ne ga dabba. Sai da ya gama binciken, ya ce ai bakin ya cika faɗi, ya mayar wa baƙo kayarsa. Baƙo ya hau kekensa ya yi gaba.

Ba su yi nisa ba sa ya soma tangaɗi, ciki ya kumbura kamar ganga, ya durƙusa, ya kwanta yana kumfa. Nan fa hankalin manomi ya tashi. Ya san in aka yanka shi da sauran rai, mahauta za su sayi naman, a rage asara. In kuwa rai ya riga wuƙa, ya zama mushe, sai ungulu. Ya laluba aljihu, goro ne kawai. Ya ruga gaba yana ƙwala wa mai keke kira, ko ƙurarsa babu. Ya dawo ya ruga baya yana kiran maƙwabci. Ya sake dawowa ya juya kan sa gabas, ya riƙe ƙahon, bisimilla na bakinsa, hannu kuwa wayam. Wallahi abin tausayi, babban mutum yana hawaye a bakin hanya. Da maƙwabcin ya hango su ya saki jaki ya sheƙo da wuƙa a zare, amma kafin ya iso idon sa ya riga ya kafe.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a tsakar gida tana yankan kuɓewa da guntuwar nan. Ya tsaya yana kallo, abin da bai taɓa yi wa wannan wuƙa ba. Ya karɓa ya goga ta a gashin hannunsa, sai ga gashi yana zuba. Ashe matar kullum tana wasa ta a bakin dutsen niƙa. Washegari ya kai ta wurin baduku aka ɗinka mata kube, tun daga ranar ba ta sake barin ƙugunsa ba. Ɗakin kuwa sai da wata damina ta sake dukansa a buɗe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.