Ƙoƙon Kan da Ya Ɓace a Abhur

Ranar Talata da hantsi Injiniya ya tarar da akwatin gilashinsa wayam, kafin azahar kuwa duk mai cin abinci a gidan nan na Abhur, a gefen Jidda, ya san yau ba zaman lafiya.

Abin da ya ɓace ƙoƙon kan mutum ne. Injiniya, wani Bature da aikin tashar jiragen ruwa ya kawo Jidda a 1974, yana ji da ƙoƙon nan fiye da motarsa. A cewarsa kan wani basarake ne na mutanen Maya, waɗanda suka gina biranen dutse a dazukan Meziko shekaru dubu da suka wuce, shaidar sarautar kuwa su ne korayen duwatsun da aka liƙa a haƙoransa. A hannun wani dillali ya saye shi a bakin tasha, har da takarda mai hatimi. In baƙo ya yamutsa fuska, sai ya ce ai cetonsa ya yi, da an bar shi a ƙasa da tuni ya zama gari.

Injiniya ya kira Othman direba, domin shi ne tafintan gidan. Haifaffen unguwar Ammariyya ne a nan Jidda, jikan alhazai, Hausarsa ba ta tafiya taku uku sai ta dafa Larabci. Magana ɗaya Injiniya ya yi masa, yana buga tebur: ko ƙoƙon ya dawo kafin la'asar, ko 'yan sanda su zo.

Nan take Othman ya hango inda abin zai ƙare. Mutum ɗaya ce ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, a gidan, Rahamatu mai shara da wanke-wanke, kuma shi ya kawo ta. In aka zo, ita jirgi za a saka ta, shi kuma ya yi sallama da aikin da yake ci da 'ya'ya biyar.

Bai ma wahalar da kansa da zargin wani ba. Dama can matar nan ba ta kwanta masa ba. Shekara goma sha biyar ke nan da 'yan fasa-ƙwauri suka sauke su daga Sudan a wata gaɓa da ba gida ba rijiya, kuma tun daga lokacin duk wanda ya zo da maganar aure sai ta ce tana da aurenta, alhali ko takalmin mijin ba wanda ya taɓa gani. Othman ya ɗauka girman kai ne kawai. Ga shegen son goge-goge, abin da aka ce ta kaɗe wa ƙura sai ta dirje shi da toka da lemon tsami.

Makon jiya ma haka ta yi wa ƙoƙon, har dutse ɗaya ya ɓalle. Da idonsa ya gan ta ta taga, zaune dirshan a ƙasa, abin a cinyarta, bakinta yana motsi. Tun ranar ta tsefe kai, ta bar kwalli da turare, ta koma yawo da wata 'yar wuƙa a hannu. Ranar Juma'a, Injiniya ya yi tafiya, ta fita da ƙunshi cikin farin ƙyalle. Othman bai san al'adun ƙasar kakanninsa ba, amma ya sha jin labarin matsafanta, shi ke nan ya gama lissafinsa. Ƙyama ta kama shi, irin wadda mutum ke yi wa nasa in ya kunyata shi gaban bare.

A bayan madafa ya same ta, tana tsintar shinkafa a tire.

"Yalla, Hajjiya, fito da shi. Halas, na san ke ce."

"Ni ce, Usumanu."

Ko kai ba ta ɗaga ba, wannan ya ƙara tunzura shi. Ya zazzage mata abin da ke cikinsa. Ya kira ta ɓarauniya, ya kira ta matsafiya, ya ce irinta ne ke sa Larabawa su toshe hanci in sun ga baƙar fata. Ina ruwanta da kan wani arne da ya mutu tun kafin a san Kano? Mutum ya sa kuɗinsa ya saya, yana da takarda, nasa ne ko tana so ko ba ta so.

"Kan mutum ba ya zama na wani," ta ce.

"Wallahi shurɗa, 'yan sanda, za su zo. Fahimti? Za su jefa ki jirgi, ni kuma ki kashe mini gida."

"Su zo."

Ya yi ƙafa da tiren, shinkafa ta watse a ƙasa. Daga falo ana jin Injiniya yana juya lambar tarho, bai ma jira la'asar ɗin ba. Othman ya durƙusa gabanta, fushin ya koma roƙo, ya ce ta faɗi inda ta ɓoye, shi zai ɗauko, zai ce a bayan kujera ya gani.

Sai a lokacin ta dube shi. Idanunta sun kumbura, da gani ta kwana biyu tana kuka.

"Da dutsen ya faɗi, haƙorin azurfa na gani a ƙarƙashi, na hagu, mai 'yar tsaga. Ina zaune aka sa shi a Bur Sudan. Ga kuma gurbin da raƙumi ya hamɓare shi a goshi, an cike shi da ƙasa an shafa launi." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ranar da muka sauka gaɓar nan ya ce in jira, zai nemo mana ruwa. Je ka faɗa wa maigidanka an yi wa Haladu salla ranar Juma'a, an kai shi makwancinsa, ni kuma takabar mijina nake yi."