Ƙoƙon Farko

“Ɗaga murya, Kaka, jikokinka na baya ba su ji ba!” in ji malam, yaron da na girme shi. Aji ya kwashe da dariya. Shekara tara ina saran rake a gonakin garin Labasa kafin in dawo makaranta, har yanzu da yatsa nake bin karatu.

Ran Juma'a dagatai uku suka zo buɗe sabon aji. Malamin namu, mai digiri daga birnin Sidni, ya durƙusa gaban akushin kava, abin shan gargajiya da ake karrama manya da shi, riƙe da ƙoƙo. In ya fara miƙa wa wanda bai dace ba, taro ya watse.

“Yaya,” ya raɗa mini, “wa zan fara ba?”

Na faɗa masa a kunne. Ni ban ce ya ɗaga murya ba.