Kilo Tara

"Kilo tara na sauke, likita!" in ji Tae-sik, yana shafa cikinsa da ya lafe.

Wata huɗu ke nan ba ya karyawa, ba ya cin na dare, sai na rana a ofis. Kullum mahaifiyarsa ta jera shinkafa da kimci, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, sai ya wuce. "Kwashe, Umma. Ke ba ki san zamani ba."

Likita bai kula shi ba. Mahaifiyar Tae-sik yake kallo a kan sikeli, wadda aka kawo saboda jiri.

"Ita sha ɗaya ta sauke. Mama, me ya hana ki ci?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ban taɓa ɗaga cokali ni kaɗai ba. Jiransa nake yi."