Abin da Teku Ya Ƙwace

Da ruwa ya janye, ko tsiro ɗaya bai rage ba cikin itatuwan da ƙungiyar matan ƙauyen ta dasa don tare teku. Baturiyar da ta zo tsibirin Jawa taya su aiki ta tsaya cikin laka har gwiwa tana kuka.

Tsohuwar da ke shugabantarsu ta sauke kwandon sabon dashe.

"Share hawaye, gishirin nan ya ishe mu."

"Kaka, mu canza wuri mana. Nan ba ya karɓar shuka."

Tsohuwar ta soka sandarta cikin laka har ta daki dutsen murhu.

"Zai karɓa, 'yar nan. A ɗakin girkina kike tsaye. Miƙo min dashe."